Nauyin Layu Huɗu

Ma'aikacin asibiti ya rataya ɗiyata a sikeli, ya dubi allurar sikelin, ya ɗiga alƙalami a kati.

"Cikin yara ɗari tsaranta ta ɗara ukku nauyi, Malam. Tana bisa jan layi. Abincin tamowa na waɗanda ke ƙasa ne. Ka komo watan gobe."

Daga Turba na saɓo ta a kafaɗa har garin Isa, shekara biyu ba damina, wata biyar da rufe uwarta. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa ganin inda yunwa ta jira watan gobe ba.

"Sake aza ta," na ce.

Layu huɗu ne a ƙugunta. Uwarta ta ɗaura su ranar suna, ta sa na yi alkawarin ba mai kwance su sai yarinya ta taka ƙasa da ƙafarta. Na zaro wuƙa na yanke zaren. Layun suka zube, allura ta ja baya.

Ma'aikacin ya goge ɗigon farko, ya yi sabo a ƙarƙashin layin, ya miƙo mini hannu yana murmushi.

"Barka, Malam. Ta samu shiga."