Ramin Ƙofar Gidan Lauya

"Akuya ce ta gitta masa ya faɗa ramin," in ji lauya. "Ni ina ruwana?"

Ramin dai a ƙofar gidansa yake, shi ya sa aka haƙa bai rufe ba. Mai babur ɗin da ya yi ƙararsa na zaune da karyayyar ƙafa.

Lauya ya saci kallon alƙaliyar kotun jihar. Ajinsu ɗaya, shi ke koya mata karatu, yau ita ake miƙe wa. Abin na ci masa rai. Duk hukuncin da ta yanke sai ya shiga rediyo ya yi kaca-kaca da shi. Bara da ta wanke wani mai rami, cewa ya yi ba ta san aikinta ba. Yau wannan hukuncin yake fatan ya cece shi.

Ta gyara tabarau. "Na saurari sharhinka na bara. Ka ce wanda ya bar rami a buɗe shi ne sila, ko me ya gitta. Gaskiya ka gamsar da ni. Sai ka biya shi diyya."

Ya daɗe yana jiran ranar da za ta yarda ya fi ta sani. To, ga ta.