Ranar da Aka Dawo da Kaka Odessa

Tun da Amurka ta kafa Dokar Komawa Tushe, kowa an mayar da shi garin kakanninsa. Loretta Gaines, malamar asibiti haifaffiyar Chicago, ta tsinci kanta a wani ƙauyen Mississippi da ba ta taɓa gani ba, da munduwa a hannu mai ɗaukar zafi idan ta kusanci iyakar jiha.

Da hantsi aka kira ta tashar jirgin ƙasa ta karɓi saƙo. Tashar tana dab da iyaka, don haka tana shiga munduwar ta fara ɗumi.

Wani dattijon ma'aikaci mai suna Wendell ya nuna mata dogon akwati, da busasshiyar ƙasa a jikinsa.

"Kakarki ce, 'yar'uwa. Dokar ta kai kan matattu."

Loretta ta dafa akwatin. Kaka Odessa ta gudu daga gonakin audugar nan tana budurwa, bayan an rataye yayanta a bishiya, kuma ta rantse ko gawarta ba za ta dawo ba.

"Baba, ka bar ta a cikin jirgin, ya koma da ita."

Wendell ya sunkuyar da kai. "Jirgin kawowa yake yi, ba ya mayarwa. Jiya na binne mahaifina a karo na biyu."

Ta tsaya har fatar hannunta ta fara ƙuna. Sannan ta kama gefe ɗaya na akwatin.

"Yi haƙuri, Kaka," ta ce, suka ɗaga.