Jaridar da Aka Naɗe Balangu da Ita

Wai in fito in ba magoya baya haƙuri, Alhaji, don na rubuta cewa dabarar kocinsu ta tsufa. Ni? Da furfurata, da wannan alƙalami da ko maƙiyana sai sun karanta shi sau biyu kafin su zage ni? Jiya har wani ya kira ni ɗan baƙin ciki a gaban surukina, ina sanye da sabuwar shadda. To gyara zama in ba ka misali, in ya so kai da kanka ka faɗi wanda ya kamata ya ba wani haƙuri.

A wani gari an yi wani mai tsaron raga da mutane suka ɗauka kamar ɗan fari. Kirarinsa har a bayan babura an rubuta. A garin kuma akwai wani mai sharhin wasanni a 'yar jaridar mako, wadda ba ta taɓa ƙetare gadar garin ba. Mutum ne kyakkyawa, ya iya kafa hula, ga ido kamar na shaho. Ban ce ni ba ne, kama ce kawai. Shi ba ya zama a rumfar manya, bayan raga yake tsayawa, kuma a can ya lura da wani abu: duk sanda za a buga wa golan nan fenariti, sai ya goge tafin hannu a wandonsa, kuma ɓangaren hannun da ya goge, can zai faɗi. In dama dama, in hagu hagu, shi kansa bai san yana yi ba. Ga shi saura mako biyu a buga wasan ƙarshe na cin kofi da ƙungiyar wani gari mai nisa. Mai sharhin ya sami kocin ƙungiyar garinsu a keɓe ya gaya masa. Koci ya dube shi daga hula har takalmi, ya dawo da ido kan tumbinsa, ya tambaye shi ko ya taɓa kama ƙwallo tun da aka haife shi. Sai ya koma ya rubuta abin a jarida, ko Allah ya sa golan ya gani ya gyara. Ya ƙara da cewa kocin da ya shekara uku bai ga hannun ɗan wasansa ba, tabarau ya kamata a saya masa, ba usur ba. Na yarda wannan ƙarin yana da yaji, amma wa ke cin nama lami?

Gari ya ɗauki zafi. Masu cewa hassada ce na yi, masu cewa baƙi sun saye shi na yi. Magoya baya suka yi wa golan katanga, suka rantse duk wanda ya kai masa maganar nan ya karya masa zuciya, to ya bar garin. Wasu suka ce a ƙona jaridar. Wani dattijo a cikinsu ya ce ƙonawa ai girmamawa ce, takarda irin wannan ba abin da ya dace da ita sai naɗe nama. Aka kwashe da tafi. Aka bi shago-shago, majalisa-majalisa aka tattara ta, aka kai wa mai balangu na bakin tasha, har da kiɗa.

Ranar wasa da hantsi motar baƙi ta tsaya a tashar, 'yan wasa suka sauko miƙe ƙafa. Kocinsu, wani mai son nama, ya sayi balangu ya cinye. Yana cikin sharce ragowar yaji daga takarda sai ya ga hoton golan yana kallonsa ta cikin maiƙo. Ya karanta. Da ya zo daidai wurin da maiƙo ya cinye rubutun, sai ya koma ya sayi wani ƙunshin don ya ga ƙarshen magana. Wasa ya tashi babu ci, aka tafi bugun fenariti. Gola ya goge dama, aka buga hagu. Ya goge hagu, aka buga dama. Sau biyar yana faɗuwa rungume da iska, sau biyar raga tana motsi a bayansa. Na gida suka ɓarar da ɗaya, kofi ya shiga motar baƙi. Kafin su tashi, kocinsu ya ɗago takarda mai maiƙo ta taga, ya gode wa mutanen gari da karamci, ya ce bai taɓa zuwa inda ake sayar da nama haɗe da sirrin gida ba.

Sai a ranar golan ya karanta. Ya daɗe yana duban tafin hannayensa, sannan ya tambayi masoyansa dalilin da ya sa suka ɓoye masa. Kowa ya shiga gyaran hula. Daga nan suka ɗunguma wurin mai sharhi, wai bakinsa ne ya kama su. Ya ce shi garinsu ya rubuta wa, tasha kuwa su suka kai, da kiɗansu.

Saboda haka, Alhaji, ka koma ka gaya musu ko wasali ɗaya ba zan janye ba. In sun ga dama su ma su kai wa mai balangu jaridar, sai dai su fara duba motar da ta tsaya. Hausawa sun riga sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.