Tabar Yallaɓai

"Riƙe wannan ka gani," in ji Yallaɓai, mai kamfanin, ya ɗora wa akawunsa sigar a tafin hannu. Sigar dai ita ce ƙatuwar tabar nan ta manya, naɗin ganye zalla, mai kaurin babban yatsa. Kafin ya ƙara wata kalma wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga hannu alamar yana zuwa, ya fice ya ja ƙofa.

Gaban akawu ya faɗi. To, yau ga ranar ta zo.

Kujerar shugaban sabon reshe ake nema wa mutum, su uku ke hanƙoronta, kuma shi ne mai ƙaramar murya a cikinsu. Shekara da shekaru yana zaune kusa da injin kwafi, a nan furfura ta same shi. Amma shi a ganinsa yana da abin da sauran ba su da shi, wato ido. Ya daɗe da lura kullum akwai sigar a teburin Yallaɓai, kwance cikin wani ɗan akwatin gilashi. Ya ce a ransa, ashe ta nan ƙofar take.

Sai ya shiga karatu. Bawan Allahn da ko hayaƙin maganin sauro sai ya sa shi tari har da hawaye, shi ne ya sayo masu araha yana gwaji a bayan gida, yana kallon gwanaye a waya. Ranar farko ya yi amai. Da ya sake gwadawa ya babbake gashin baki. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, in mutuwar kake so akwai hanyoyi masu sauƙi." Shi kansa dariya ta kama shi, ƙato da shi tsugune gefen kwandon shara yana koyon zama babban mutum. Amma bai fasa ba. Tun daga lokacin, ɗan almakashin yanka sigar da ashana ba su bar aljihunsa ba.

Yanzu ga jarrabawar a hannunsa. Ya juya ta, ya shinshina, ya matsa ta a hankali kusa da kunne yadda ya ga ana yi. Ta yi ƙaras. Zoben takardar da ke jikinta ya koɗe har rubutun ba ya karantuwa. Lallai mai tsada ce, in ji shi.

Ya datse kanta, ya ƙyasta ashana, ya zuƙa.

Wayyo Allah! Sai ka ce an kunna masa murhu a maƙogwaro. Waɗanda ya yi gwaji da su ashe wasan yara ne. Idanunsa suka kawo ruwa, kujera ta fara juyawa da shi, gumi ya karyo masa har cikin safa. Ya yi ta maza ya sake ja. Ya duba ko'ina bai ga farantin toka ba, sai ya janyo ɗan farantin kofin shayi ya kaɗe a ciki.

Sakatariya ta turo ƙofa da fayil a hannu. Ta gan shi cikin hayaƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta dafe baki ta koma da baya. Akawu ya ji daɗi har cikin ransa. Ai dole, yau ta ga wani akawun daban.

Saura hukunci. Ya yaba ne, ko ya faɗi gaskiya? Ya san sauran biyun, da su ne sai zuba kirari. Yallaɓai kuwa kullum a taro cewa yake ya gaji da 'yan amshin shata, mai gaya masa gaskiya yake nema. Shi ke nan, gaskiya za a sha.

Tabar ta ci fiye da rabi lokacin da Yallaɓai ya dawo. Ya tsaya cak a bakin ƙofa, wayar na hannunsa.

Akawu ya busa hayaƙi sama, ya gyara murya.

"Yallaɓai, taba ce mai nauyi, ba ta yara ba. Farkonta yaji, tsakiyarta ɗanɗanon itace da ƙasa. Amma ka yi haƙuri, ta bushe ƙayau, ta tsufa. Wanda ya ba ka ita bai kyauta maka ba. Da ni ne, shara zan jefa ta."

Yallaɓai ya tako a hankali ya zauna, ya daɗe yana kallon tokar da ke cikin farantin shayi. Sannan ya ɗago kai ya dubi akawu.

"Ni ban taɓa sa taba a bakina ba. Wanda na riga na zaɓa kaɗai nake ba wa ya riƙe ta, in ba shi labarinta kafin in ba shi kujera. Ita aka samu a aljihun mahaifina ranar da ya rasu."