Teburin Suruki a Birnin Firenze

Na ga ka duƙufa kana tsara wa baƙinka inda za su je da abin da za su ci. Ajiye wayar nan tukuna, ka ji wani misali.

Wani ɗan kasuwar fata ne ya daɗe a Firenze, tsohon birnin nan na Italiya, har harshen mutanen ya zauna a bakinsa. Surukinsa, uban matarsa, dattijo ne da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen sayen fatar jar akuya a ƙauyukan Sakkwato, kullum yana jin labarin cewa can ake kai ta a mayar da ita jaka da takalmi. Da ɗan kasuwar ya samu hali, sai ya ce lallai tsoho ya zo ya gani da idonsa, ya kuma ci alwashin yi masa hidimar da za a daɗe ana ba da labarinta. Zuwan ya faɗo daidai lokacin da matar ta tafi gida wankan jego, don haka gidan ya rage daga shi sai baƙonsa.

Mutumin nan bai yi wasa da shiri ba. Tun kafin baƙo ya iso ya bi garin da ƙafa, lungu da saƙo. Ya gano hanyar da babu hawa da yawa saboda gwiwar tsoho. Ya lura da lokacin da cunkoso ke raguwa a kan tsohuwar gadar da maƙeran zinariya suka jera shagunansu, da tudun da ake hango jar ƙubbar babban cocin garin daga kansa idan rana ta yi sanyi, har da inda za su raɓa su yi salla. Batun abinci kuwa nan ya fi zaƙewa. Sai da ya shiga gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, ya ishi masu girki da tambaya, ko ana ɗiga giya a miya, ko man alade ya taɓa kaskon suya. Inda hankalinsa ya kwanta ya kama wuri, kusa da taga mai kallon kogi, ɗan teburi na mutum biyu, kujera tana fuskantar kujera.

Yawo ya tafi yadda aka tsara. Dattijo ya sha kallo, ya shiga shagon dukawan garin ya shafa fata ya sunsuna, ya yi murmushin wanda ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri. Amma da aka zauna cin abinci, aka dire masa taliya da kifi tana tururi, sai ya dube ta ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," ya kurɓi ruwa, ya naɗe hannu. Ɗan kasuwa ya ce a ransa ƙila tsoho yana ƙyanƙyamin girkin Turawa ne. Washegari ya sauya wuri, ya nemo inda ake gasa naman yankan Musulmi. Nan ma haka. Ya ce to ko haƙori ne, ya sa aka kawo miyar wake mai laushi da burodi a jiƙe cikinta. Tsoho ya taɓa cokali ya ajiye. A gida ma da safe, sai ɗan kasuwa ya haɗa shayi ya zo ya zauna gaban tsoho ya harɗe ƙafa, yana ta yi masa bayanin inda za su nufa yau. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, kuma duk lokacin da hankalin ya tashi sai ya ƙara matsowa kusa, yana tura faranti yana cewa, "Baba, a daure a taɓa wannan."

Ba wai bai san kunyar surukai ba ne. A gida ya tashi, ya san babu dattijon da zai buɗe baki ya sa loma mijin 'yarsa yana kallo. Sai dai a gida ba shi ke lura da wannan ba. Mata ne ke kai akushi zaure, a saki labule, kowa ya ba da wuri. Shi kuma zama cikin mutanen da ke ganin barin baƙo shi kaɗai a teburi wulaƙanci ne ya sa abin ya shige masa duhu. Tsoho kuwa ya gwammace cikinsa ya yi ta ƙugi da ya dubi surukinsa ya ce masa tashi ka ba ni wuri. Haka ya ƙare kwanakinsa da ruwa da goro da 'yan dabinon aljihu, yana tafiya yana dafa bango, ɗan kasuwa yana ɗauka gajiyar yawo ce.

Bayan dattijo ya koma gida, matar ta kira mijinta a waya, muryarta ba daɗi, ta ce Baba ya dawo duk ya faɗa, wuya ya fito. Ta ce da 'yan sannu da zuwa suka tambaye shi labarin garin, cewa ya yi gini kam ba a magana, mutanen kuma sun iya fata, sai dai ƙasar akwai yunwa. Suka ce, ina surukin naka yake? Ya ce, "Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ko sau ɗaya bai bar ni ni kaɗai ba."



Shi ya sa nake ce maka, kafin ka gama sanin gari, ka fara sanin wanda za ka zagaya da shi. Ko ƙetaren teku ka kai mutum, da gidansu a jikinsa yake zuwa. Hausawa sun riga sun faɗa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.