Labulen Gidan Mai Labule

Igiyar ta kuɓuce, labulen ya zubo gaba ɗaya ya daki hancin mai kafa labule. Zuwansa na huɗu ke nan gidan a wata guda.

"Ka gani ko?" in ji matar gidan, tana zagaye tsanin da yake kai. "Baƙi zan yi anjima, ga falo kamar tsakar kasuwa."

Ya kwance 'yar tayar robar da ke naɗe igiyar, ya tarar haƙoranta sun cinye kamar na sauran da ya canza a baya. Haka suke zuwa daga kamfani, cikin kwali mai ƙyalli. Ya kira su har ya gaji, kullum sai a ce kayansu lafiya lau, hannunsa ne. Kafawa kawai ake biyansa, gyara kuwa ko kuɗin mota babu. Ga waya tana ta kuka a aljihu, wani gidan ma nasu ya maƙale.

Ya sa sabuwar tayar da ya saya da kuɗinsa, ya ja igiyar sau uku kamar yadda ya saba gwadawa. A ja na uku labulen ya cije a tsakiya, a karkace.

Matar ta ja tsaki. "Don Allah, Malam, wane iri ka sa a gidanka? Shi nake so, ko nawa ne."

Ya sauko, ya share gumi.

"Tsohon zanin matata ne da ƙusa biyu, ranki ya daɗe. Shekara shida bai taɓa neman gyara ba."