Unguwar Shebur

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, Kaka ta ja hannuna muka bi bayan ƙauyenmu, can wajen tsofaffin ramukan kuza. Ina ta ƙorafin yunwa. Ta tsaya a gaban wani ɗan tudu, ta buɗa ciyawa da hannu, sai ga bakin shebur a kafe cikin ƙasa. Tsatsa ta cinye shi, ƙotar ta daɗe da ruɓewa.

"Kaka, na wane ne?"

"Na kakanki. Yana ƙarƙashin nan."

Ta ce rami ne ya rufta da shi yana cikin haƙa. 'Yan uwansa leburori suka yi ta tono har ƙarfinsu ya ƙare, ba su kai gare shi ba. Sai suka kafa shebur ɗinsa a wurin, yadda suke yi wa duk wanda ƙasa ta riƙe. Masu wucewa suka riƙa cewa "wajen shebur", har sunan ya bi garin.

"Ki duba da kyau, 'yar nan. Ni ba zan daɗe ba."

Na duba, amma duban yarinya mai jin yunwa.

Bara na kai ɗana wurin. Gonar citta ta mamaye ko'ina, tudun ya baje. Ya ce, "Mama, ina ne?" Na nuna wani gefe, muka durƙusa muka yi addu'a. Ubangiji ya san ko nan ne. Ni dai har yau ban sani ba.